Sau Nawa Za A Juya Kafin A Ce Ya Gaurayu?

A Kano akwai wani mai shayi kusa da Ƙofar Na'isa da nake tsayawa wajensa da safe idan zan tafi makarantar da nake koyar da lissafi da fiziks, kuma na daɗe ina lura da yadda yake haɗa shayinsa. Yakan zuba madara da sukari a kofi, ya tsiyayo ruwan zafi a kai, sannan ya ɗaga hannu sama ya kwararo shi cikin wani kofin, ya sake mayar da shi, har sau huɗu, ba ya ragewa kuma ba ya ƙarawa. Wata rana da benci ya yi sauƙin jama'a sai na ce masa, "Maigida, wai me ya sa kullum sau huɗu?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, in na yi sau biyu ka tarar da sukari kwance a gindin kofi, in kuma na yi sau goma shayin ya huce, ka ce na jiya na ba ka." A cikin wannan amsa tasa akwai lokuta biyu da suke tsere da juna, wato lokacin da sukari ke buƙata kafin ya game ruwan, da lokacin da zafi ke buƙata kafin ya lafa. Masana lissafi da masana fiziks da injiniyoyi sun shafe sama da shekara ɗari suna auna waɗannan lokuta biyu, kowane ɓangare da nasa kayan aikin. Zan kira na farko lokacin gaurayuwa, na biyu kuma lokacin lafawa.

A fara da sukarin. Da za a zuba shi a gindin kofin ruwan sanyi a ajiye inda babu girgiza, zai narke, amma ba zai iso saman kofin da wuri ba. Ƙwayoyinsa suna tafiya ne irin ta wanda ya ɓata a cikin duhu, taku ɗaya gaba, ɗaya baya, ɗaya gefe, saboda ƙwayoyin ruwa suna ta bangazarsu ta kowace fuska. Einstein ya yi lissafin irin wannan tafiya a 1905, ya nuna cewa idan nisa ya ninka sau biyu, lokacin da za a ci sai ya ninka sau huɗu, idan kuma nisa ya ninka sau goma, lokacin sai ya ninka sau ɗari. A kan wannan lissafi, milimita ɗaya takan ci wa sukari kimanin rabin sa'a, santimita goma kuwa, wato tsayin kofin shayi, sai ta ci watanni. Ruwan zafi yana motsa kansa da kansa, shi ya sa shayi ba zai kai haka ba, amma ƙa'idar tana nan.

Cokali ba ya ƙara wa ƙwayoyin sukari sauri ko kaɗan. Aikinsa shi ne miƙewa da naɗewa, kamar yadda mai biredi yake yi wa kwaɓinsa: ya ja shi ya yi tsawo, ya ninke, ya sake ja. Kowace ninkewa tana raba kaurin shimfiɗar sukari gida biyu, ninkewa goma kuwa ta rage shi sau 1,024, kuma tun da lokaci yana bin ninkin nisa a kansa, abin da zai ci watanni sai ya dawo kimanin sakan ashirin. Juyawa tana kusantar da ɓangarorin ne kawai, tafiyar ƙwayoyin ita ce take ƙarasa aikin. A 1984 Hassan Aref ya nuna cewa ko ruwan da ke gudana a natse, ba tare da hargitsi ba, ana iya sa shi ya yi wannan miƙewa da naɗewa idan aka riƙa sauya salon juyawar. Akwai kuma gwajin da G. I. Taylor ya shahara da shi, wanda nake son nuna wa ɗalibai hotonsa: a cika tsakanin gwangwanaye biyu, ɗaya cikin ɗaya, da ruwa mai kauri irin gilisarin, a ɗiga launi, a murɗa gwangwanin ciki a hankali har launin ya bazu ya zama kamar ya ɓace, sannan a murɗa baya daidai adadin da aka yi, sai ga ɗigon ya dawo wurinsa. Ido ya ce ya gaurayu, alhali ruwan bai manta inda ɗigon ya faro ba. A wurin masu wannan bincike, gaurayuwa ita ce wannan mantuwar, wato a kai matsayin da babu wani awo da zai iya gano daga ina aka tashi.

Lokacin lafawa ya fi sauƙin fahimta, kuma ya fi daɗewa a littattafai, domin tun 1701 Newton ya lura cewa abu mai zafi yana hucewa ne gwargwadon tazarar da ke tsakanin zafinsa da na wurin da yake. A ce shayi yana digiri 90, iskar gari kuma tana digiri 30, tazarar 60 ke nan. Akwai wani tsawon lokaci na musamman, wanda ya danganta da kofin da yawan shayin da iskar da ke kaɗawa, wanda a cikinsa tazarar take raguwa zuwa kashi 37 cikin 100 na yadda take. Bayan wannan lokaci sau ɗaya ta koma 22, bayan sau biyu ta koma 8, bayan sau biyar kuwa abin da ya rage bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Wannan tsawon lokacin shi ne lokacin lafawa. Shi ne muke gani idan an ɗauke wuta, ƙaramar fitilar cajar kwamfuta ta ci gaba da haske tana dusashewa a hankali, saboda ma'ajin cajin da ke cikinta yana zubar da abin da ya tara bisa wannan ƙa'ida. Idan kuma abu yana da hanyoyin lafawa da yawa a lokaci guda, masu sauri sukan gama su wuce, mafi nawa a cikinsu ita ce take saura, kuma da ita ake auna lokacin.

Lokacin gaurayuwa wata tambaya ce dabam: idan aka faro daga mafi munin mafari, taku nawa za a yi kafin a kasa bambance abin da aka samu da cikakkiyar gauraya? Harshen da ake amfani da shi wajen amsa ta ya fito ne daga Rasha, inda Andrey Markov ya fara nazarin abin da yanzu ake kira sarƙar Markov a 1906. Sarƙar Markov tafiya ce da kowane taku a cikinta ya danganta ga inda ake tsaye yanzu kaɗai, ba ruwansa da hanyar da aka biyo. A 1913 ya zauna ya ƙirga haruffa 20,000 na wata doguwar waƙar Rashanci da hannu, yana duba sau nawa wasali ke bin baƙi, don ya nuna cewa ka'idar tasa tana aiki a zahiri. Babban sakamakon shi ne cewa irin wannan tafiya, muddin ana iya zuwa ko'ina daga ko'ina kuma ba ta kulle cikin wani zagaye mai maimaita kansa ba, za ta kai wani daidaitaccen rabo da ba ya canzawa. Ka'idar ta ce za a kai, amma ba ta faɗi yaushe ba, kuma a wannan gurbi ne binciken zamani ya kafa sansaninsa.

Misalin da ya fi shahara shi ne na karta. Ni ba ɗan caca ba ne, kuma ba shi nake tallatawa ba, amma duk wanda ya tashi a garin nan ya ga matasa suna buga wot a majalisa, kuma ya ji ana gardamar cewa wane bai cakuɗa kartar da kyau ba. Karta 52 ana iya jera ta ta hanyoyin da adadinsu ya kai lamba 8 da sifili 67 a bayanta, saboda haka ba mai iya gwada su ɗaya bayan ɗaya. Gilbert da Shannon a 1955, da kuma Reeds a 1981, sun tsara lissafin irin cakuɗawar da ake raba karta gida biyu a saki ɓangarorin suna shiga tsakanin juna. A 1992 Dave Bayer da Persi Diaconis, wanda kafin ya zama masanin lissafi sana'arsa wasan dabo ce da karta, suka fitar da ainihin lambobin. Suna amfani da wani ma'auni da ke tsakanin 1 da 0: idan yana 1, mai lura zai iya gane cewa kartar ba ta gaurayu ba kusan a kowane lokaci, idan kuma ya kai 0, babu dabarar da za ta gane. Daga cakuɗawa ta farko har ta huɗu ma'aunin yana nan a 1.000. A ta biyar ya zama 0.924, a ta shida 0.614, a ta bakwai 0.334, a ta takwas 0.167, a ta tara 0.085, a ta goma 0.043. Daga nan ne maganar da ake yi cewa cakuɗawa bakwai ta isa gauraya karta ta samo asali.

Ya kamata a tsaya a kan waɗannan lambobi, domin a ganina babu inda bambancin lokutan biyu ya fito fili kamar nan. Daga ta bakwai zuwa gaba, kowace cakuɗawa tana raba abin da ya rage gida biyu, daidai da yadda shayi ke hucewa. Wannan shi ne lafawa, kuma lokacinta gajere ne ƙwarai. Amma wanda ya san wannan kaɗai zai zaci cewa tun daga cakuɗawa ta farko ma'aunin zai sauko zuwa rabi, ta biyu zuwa rubu'i, alhali cakuɗawa huɗu suna wucewa bai motsa ba. Dalilin yana da daɗin ji. Idan karta tana jere daga 1 zuwa 52 aka cakuɗa sau ɗaya, abin da za a samu jeri biyu ne masu hawa da suka sarƙe da juna, kowanne bai rasa tsarinsa ba. Cakuɗawa ta biyu ba za ta ba da fiye da jeri huɗu ba, ta uku takwas, ta huɗu goma sha shida. Kartar da ta gaurayu da gaske kuwa takan ƙunshi kimanin irin waɗannan jeri 26. Saboda haka duk wanda ya iya ƙirga jerin zai kama kartar da aka cakuɗa sau huɗu, ko da a ido ta zama kamar hatsin bara. Sai adadin jerin ya samu damar kaiwa inda ya kamata sannan ma'aunin ya rufto. Abin mamaki kuma, gwanin da ya iya raba kartar daidai wa daida, ya saka ɗaya bayan ɗaya ba kuskure, ta yadda ta sama take zama a sama, idan ya yi haka sau takwas kartar za ta koma jerinta na farko; kuskuren hannu shi ne yake kawo gaurayuwar. Ita kuwa cakuɗawar da aka fi yi a majalisunmu, wadda ake zaro 'yan ƙulli daga hannu ɗaya ana jefawa a ɗayan, binciken Pemantle na 1989 da na Jonasson na 2006 sun nuna cewa sai an yi ta dubban lokuta kafin karta 52 ta gaurayu. Ashe masu gardamar nan suna da gaskiya.

Wannan ruftowa ta farat ɗaya, inda abu yake daɗewa kamar bai fara gaurayuwa ba sannan ya gama cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, Diaconis da Shahshahani ne suka fara tabbatar da ita a 1981 a kan wata cakuɗawa da ake musanya karta biyu a kowane taku, daga baya Aldous da Diaconis suka fito da ita a matsayin al'amari mai zaman kansa. Ba kowace sarƙa ke da ita ba. Mai tafiyar ɓata a kan da'ira, misali, yana gaurayuwa ne sannu a hankali, kuma lokutansa biyu duk girmansu ɗaya. An san cewa a babban rukuni na sarƙoƙin, lokacin gaurayuwa ba ya gaza lokacin lafawa da wani abin kirki, kuma ba ya wuce shi da fiye da wani ninki da ya danganta da yawan matsayin da tafiyar ke iya kasancewa. A 2004 Yuval Peres ya kawo shawarar cewa ruftowar tana faruwa ne idan lokacin gaurayuwa ya yi wa lokacin lafawa nisa sosai. An tabbatar cewa sharaɗin wajibi ne a wannan rukuni, an kuma samu misalan da suka nuna bai wadatar a ko'ina ba, sannan a 2010 Ding da Lubetzky da Peres suka tabbatar da shi ga sarƙoƙin da ke tafiya a kan layi ɗaya, taku gaba ko taku baya. Neman cikakken sharaɗin da zai game kowace sarƙa yana cikin manyan tambayoyin da ake aiki a kansu a fannin.

To me yake sa lafawa ta yi nawa? Idan ina yi wa ɗalibai bayani, ganuwar Kano nake kawowa. A ɗauki mutum a ajiye shi a Mandawari, a ce duk mararrabar da ya iso ya zaɓi lungu da ka, ba tare da ya san inda ya nufa ba. Ba da daɗewa ba zai karaɗe cikin birni, ya bi ta Yakasai, ya faɗa Kurmi, ya dawo. Amma a zamanin da ganuwa take tsaye cur, ba zai taka Fagge ba sai sa'a ta kai shi bakin Ƙofar Mata ko Ƙofar Wambai, kuma ta sa ya zaɓi fita a wannan takun. Yawan lungunan ciki ba ya taimaka masa, sai ma ƙara ɓatar da shi da yake yi. Abin da ke yanke hukunci shi ne faɗin ƙofofin idan aka gwada shi da girman abin da suka kewaye. Jeff Cheeger ya sa wannan tunani a ma'auni a 1970, daga baya aka mayar da shi kan sarƙoƙin Markov, inda aka nuna cewa matsatsi mafi ƙunci shi ne yake ɗaure lokacin lafawa ta sama da ta ƙasa. Ma'ana, idan akwai matsatsi tafiyar za ta yi nawa, idan kuma babu matsatsi a ko'ina, dole ta yi sauri. Rabi na biyun nan shi ne mai wuyar tabbatarwa, kuma shi ne mai amfani.

Amfaninsa ya fito ne a kwamfuta. A 1953 a Los Alamos ta Amurka, Metropolis da Rosenbluth biyu da Teller biyu suka ƙirƙiro dabarar da za a sa kwamfuta ta yi irin wannan tafiyar ɓata a cikin dukkan yanayin da wani abu ke iya kasancewa, ta yadda bayan ta gaurayu, duk inda ta tsaya zai zama samfuri na adalci. Arianna Rosenbluth ce ta rubuta manhajar, Hastings kuma ya faɗaɗa dabarar a 1970. Yau da ita ake lissafi a ƙididdiga da nazarin yaɗuwar cututtuka da binciken ƙwayoyin gado. Jerrum da Sinclair sun yi amfani da ma'aunin matsatsi a 1989 wajen tabbatar da saurin irin waɗannan tafiye-tafiye, Dyer da Frieze da Kannan kuma suka nuna a 1991 cewa da su ana iya kimanta girman siffofi masu fuskoki da yawa waɗanda lissafin kai tsaye ya gagara. Haɗarin dabarar shi ne kwamfuta ba ta sanar da kai cewa ba ta gaurayu ba. Na taɓa faɗawa wannan rami da kaina lokacin da nake shirya darasi. Na rubuta 'yar manhaja mai ɗakuna biyu, kowanne da gurbi 500 da suke haɗe da junansu, da hanya ɗaya tak tsakanin ɗakunan, na sake ta ta yi taku dubu goma. Lambobin suka natsu sarai, har na fara kwafe su, sai na ce bari in sake farawa daga ɗaya ɗakin, sai ga wata amsa dabam, ita ma a natse. Da na yi lissafi na ga cewa damar kasancewa a bakin ƙofa ɗaya ce cikin 500, damar bin ta kuma ɗaya cikin 500, wato ana buƙatar taku wajen 250,000 kafin a ƙetare ko sau ɗaya.

Masana fiziks sun haɗu da wannan matsala ta wata ƙofar. Ƙarfe yana rasa maganaɗisunsa idan zafinsa ya haura digiri 770, kuma akwai wani sauƙaƙan tsari da ake kwatanta haka da shi, mai ɗauke da sunan Ising tun 1925, inda kowace ƙwaya take fuskantar sama ko ƙasa tana kwaikwayon maƙwabtanta. Glauber ya ba shi motsi a 1963. Idan zafi ya yi yawa, tsarin yana manta mafarinsa da sauri, har Lubetzky da Sly suka tabbatar a 2013 cewa yana yin ruftowar nan ta farat ɗaya. Idan zafi ya yi ƙasa kuwa, sai ya rabu ɗakuna biyu, galibi sama ko galibi ƙasa, kuma ƙetarawa daga ɗaya zuwa ɗaya tana ɗaukar lokacin da ke ninkuwa babu ƙaƙƙautawa yayin da tsarin ke girma. A kusa da mahaɗar yanayin biyu lokacin lafawa yana ta tsawaita, abin da masu gwaji suke gani a zahiri a maganaɗisu da ruwaye.

Lokacin lafawa kuma shi ne yake raba abin da muke kira daskararre da abin da muke kira ruwa. Maxwell ya bayyana a 1867 cewa abu yana iya amsa matsi kamar daskararre idan aka taɓa shi da sauri, ya kuma malala kamar ruwa idan aka ba shi lokaci, Markus Reiner kuma a 1964 ya kawo lambar Debora, wadda take gwada lokacin lafawar abu da tsawon lokacin da mai kallo ya yi yana kallo. Wanda ya taɓa jingine babur a kan kwalta da azahar a watan Afrilu, ya dawo ya tarar ƙafar babur ɗin ta nutse, ya ga wannan da idonsa: kwaltar da mota ta wuce ta kanta a guje ba ta bar alama ba, ita ce ta ba da kai ga nauyi kaɗan da ya daɗe. A Jami'ar Queensland ta Ostareliya an zuba irin wannan baƙin danƙo a mazurari a 1927, abin da idan aka buga masa guduma yake farfashewa, kuma ɗigo na tara bai faɗo ba sai a 2014. A ɗaya gefen, ƙwayar ruwa tana juyawa ta koma daidai cikin kimanin kashi 8 cikin tiriliyan na sakan ɗaya. Na'urar hoton MRI da ake turawa a yi a manyan asibitoci ita ma lokacin lafawa take aunawa. Felix Bloch ya bayyana lokuta biyu na lafawar ƙwayoyin zarra a cikin maganaɗisu a 1946, kuma da yake kitse yana lafawa cikin kimanin rubu'in sakan, ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa kuma sai ya yi wajen sakan huɗu, wannan bambanci ne yake zama fari da baƙi a hoton. Lauterbur da Mansfield sun samu kyautar Nobel a 2003 saboda mayar da wannan awo hoto.

Injiniyoyi ba su da haƙurin jiran ka'ida, aunawa suke yi. Sukan zuba gishiri ko launi a tankin da farfela ke juyawa, su sa na'urar awo a wani lungu mai nisa, su ƙirga lokacin da awon zai shiga tsakanin kashi 5 cikin 100 na inda zai tsaya, ya kuma zauna a nan. Abin da suka gano ya yi kama da na mai shayina: idan ruwan yana hargitse sosai, adadin juyawar farfela ne yake da muhimmanci, kuma adadin kusan ɗaya ne ga tankuna masu siffa ɗaya komai girmansu. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Ƙarfin da farfela ke ci yana tashi da girmanta idan aka ninka shi a kansa har sau biyar, saboda haka tankin da aka faɗaɗa sau goma zai ɗauki ruwa sau dubu, amma juya shi da saurin ƙaramin zai ci wuta sau dubu ɗari. Babu masana'antar da za ta biya wannan, sai a haƙura da ƙarfi daidai gwargwadon yawan ruwa, lokacin gaurayuwa kuma ya tsawaita kusan sau biyar. Shi ya sa haɗin da ya yi kyau a ɗakin gwaji yakan ba da kunya a babban tanki. A matatun ruwa irin na Tamburawa da Challawa wannan lissafi yana da nauyi, domin alif yana yin aikinsa ne cikin 'yan sakanni da shigarsa ruwa, don haka ƙa'idar aikin ita ce a gauraya shi da ƙarfi nan take, sannan a koma juyawa a hankali don dattin ya dunƙule ya kwanta.

Gari da hatsi kuwa nasu halin dabam ne, domin ƙwayoyinsu ba sa tafiya da kansu, kuma juyawa tana iya raba su maimakon ta haɗa. Duk wanda ya girgiza kwanon garin kwaki da gyaɗa ya ga gyaɗar ta taso sama, saboda ƙananan ƙwayoyi suna zurarewa cikin guraben da manya suka bari. Rosato da abokan aikinsa sun yi bayanin haka a 1987. Tun farkon shekarun 1950 Danckwerts ya nuna cewa ba a cewa abu ya gaurayu sai an faɗi girman samfurin da za a duba da shi. Wani abokina da ke kiwon kaji a hanyar Zariya yana haɗa abincinsu da kansa, masara da waken suya da dusa da ɗan ƙullin sinadaran ƙarin lafiya da bai fi cikin tafin hannu biyu ba, yana juyawa da shebur a kan siminti har sai launin ya zama ɗaya. Na ce masa launin buhu ba shi ne ma'auni ba, ma'aunin shi ne abin da kaza ɗaya take ci a rana, domin idan ƙullin ya taru a loma ɗaya, wata ta samu fiye da kima, sauran kuma su tashi a tutar babu. A masana'antun abincin dabbobi ana ɗibar samfuri wajen goma daga wurare dabam-dabam a auna gishirin da ke cikin kowanne, kuma ana son bambancin ya gaza kashi 10 cikin 100. Shi ba shi da na'urar awon gishiri, don haka abin da muka yi shi ne muka fara cuɗa ƙullin da mudu ɗaya na dusa, muka cuɗa wannan da mudu biyu, sannan huɗu, sannan takwas, kafin mu zuba a babban tarin. Muka kuma jefa jan wake ƙwaya ɗari a ciki tun daga farko, bayan kowane zagaye na shebur muka riƙa ɗibar gwangwani ɗaya daga kusurwoyi dabam-dabam muna ƙirga waken da ya fito. Wake ya fi ƙullin girma, saboda haka ba zai bi sawunsa daidai ba, kuma na faɗa masa haka tun kafin mu fara. A zagayen farko wasu gwangwanayen sun fito babu ko ɗaya, wasu kuma cike da shi, daga baya ƙirgen ya matso kusa da juna, kuma a nan muka ajiye shebur muka ɗura a buhu.